Manhajar da ke bin sawu a bayan fage: leƙen asiri ne ko aikin gyara?

Idan akwai manhaja da ke aiki a ɓoye cikin na'ura, ba ta da fuska a allo, ba ta barci, kuma dare da rana tana tattara bayanai tana aika su ta rezo zuwa wata kwamfuta mai nisa, me za a kira ta in ba ƴar leƙen asiri ba? Tambayar da ke yawo ke nan a fadojin Yamai da cikin saƙonnin murya na WhatsApp, musamman duk lokacin da forfen mutum ya ƙare kafin ranarsa, ko kuɗin da ya tura suka maƙale a hanya. Kawuna da ke Tawa ya kira ni takanas a kanta. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, kai da ke aikin kwamfuta, gaya mini gaskiya. An ce akwai abin da ake sakawa yana kwashe sirrin mutane yana kai wa Turawa." Na ce, "Kawu, abin akwai shi, ni ma ina girka irinsa a wurin aiki. Amma ba kamar yadda aka ba ka labari ba ne."

Ba ta waya ake warware irin wannan magana ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake.

Mene ne sawu a cikin manhaja?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Adar ya san mai bin sawu. Dabba ta ɓata da dare, da safe a kira dattijon, ya durƙusa ya dubi rairayi, ya ce nan ta tsaya, nan ta yi gudu, nan kuma wani ya ja ta da igiya. Bai ga dabbar ba, bai ga ɓarawon ba, ƙasa ce ta ba shi labari.

Manhaja ba ta barin sawu da kanta. Tana yin dubban ayyuka cikin ƙiftawar ido, kuma da aiki ya wuce ya wuce ke nan. Saboda haka masu rubuta ta suke dasa ƙananan alamomi a cikinta, ta yadda duk lokacin da aiki ya bi ta wani wuri sai a rubuta layi guda: ga abin da ya faru, ga lokacin da ya faru, ga ɓangaren da ya yi shi, ga tsawon lokacin da ya ɗauka. Jerin waɗannan layuka shi ne sawu.

Akwai bambanci tsakaninsa da littafin rajista na yau da kullum da kowace babbar kwamfuta ke riƙewa. Rajista tana rubuta manyan abubuwa cikin jimlar da mutum zai karanta: wane ya shiga, aiki kaza ya gaza. Tsarinta ya tsufa, tun shekarun 1980 Eric Allman ya ƙirƙiro syslog, kuma har yau ana aiki da shi. Sawu ya fi ta zurfi nesa ba kusa ba. Yana iya kama abin da ya faru cikin kashi ɗaya na miliyan na daƙiƙa, har a cikin zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, inda ake raba wa manhajoji lokaci da ƙwaƙwalwa. Rajista za ta ce maka an yi jinkiri. Sawu zai nuna maka ƙofar da aka tsaya a bakinta da wanda ya riƙe mabuɗin.

Mai aikin bayan fage, da sunansa mai tayar da hankali

Manhajar da ke karɓar sawun tana cikin jinsin da masana ke kira dimon. Da mutumin Yamai da ya yi lakkol ya ji wannan suna, sai hankalinsa ya tafi ga shaiɗan, domin a Faransanci kalmar ta yi kama da haka. Asalin sunan daban ne. A 1963 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka aro shi daga wani misali na masanin kimiyya James Clerk Maxwell, wanda ya kwatanta wata ƴar halitta ta tunani da ke zaune tana rarraba ƙwayoyin iska ba gajiya. Abin da suke nufi kawai shi ne ma'aikacin da ba a gani.

Kowace waya da kowace kwamfuta cike take da irinsu. Wanda ke daidaita agogo, wanda ke jiran saƙo ya shigo, wanda ke kula da firinta. Suna tashi da kansu idan an kunna na'ura, ba sa jiran kowa ya taɓa su, kuma in sun faɗi tsarin yana sake tayar da su. A Linux sau da yawa sunansu yana ƙarewa da harafin d, kamar sshd ko crond. Saboda haka kasancewar manhaja a bayan fage ba shaida ba ce ta mugun nufi. In da za a kashe su duka, wayar ba za ta ma yi ƙara ba idan an kira ka.

Me ya sa sai an aika sawun ta rezo?

Nan ne zargi ya fi ƙarfi, kuma nan ne bayanin ya fi sauƙi.

Ɗauki kamfanin aika kuɗi mai rassa a Yamai da Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Tawa. Tsakanin Yamai da Tawa kusan kilomita 550 ne a mota. Idan na'urar reshen Tawa ta fara tsayawa kowace azahar, ba zai yiwu teknisiyan ya hau bas kullum ya je ya duba ba. Ban da nisa, na'urar da ke ciwo ba ita ce za a ba ajiyar takardun asibitinta ba: in ta mutu, ta mutu da shaidar. Wasu na'urorin kuma, kamar ƙananan akwatunan da ke gindin eriyar sadarwa, ba su da wurin ajiya mai yawa tun farko. Mafita ita ce a ajiye kwamfuta guda a wuri amintacce, a girka mata mai karɓa, duk sauran su riƙa turo mata sawunsu.

Misali mai kyau shi ne LTTng, kayan bin sawu na Linux da Mathieu Desnoyers ya fara ginawa a 2005 a Montreal ta ƙasar Kanada, kuma kyauta ne, kowa na iya duba yadda aka rubuta shi. A na'urar da ake bincika akwai mai kula da zaman binciken, akwai kuma mai kwasar abin da aka tara. A can nesa kuma akwai mai karɓa, sunansa lttng-relayd. Yana zaune yana saurare a ƙofofi uku masu lamba, wato mashigan da bayanai ke bi daga rezo su shiga na'ura: 5342 domin umarni, 5343 domin bayanan kansu, 5344 kuma domin wanda ke son kallon sawun kai tsaye yana shigowa. Abin da ya karɓa yana jera shi a faifai, kowace na'ura da jakarta mai sunanta, sannan a buɗe da kayan karatu irin su Babeltrace ko Trace Compass.

Akwai kuma wani salo da ya fi shafar manhajojin kuɗi da na waya. Aika kuɗi guda ɗaya yana bi ta hannaye da yawa: na'urar gishe, kwamfutar da ke tantance ma'aikaci, rumbun da ke riƙe asusu, ɓangaren da ke tura saƙon tes. Sai a ba buƙatar lamba ta musamman tun daga gishe, ta bi ta da ita duk inda ta shiga, kamar lambar da ake rubuta wa buhu a tasha. Google ta bayyana irin wannan tsari a 2010 da sunan Dapper, Twitter ta saki Zipkin a 2012, Uber ta fito da Jaeger, sannan a 2019 aka haɗe wasu manyan tsare-tsare biyu na daban aka samar da OpenTelemetry, wanda mai karɓarsa ke saurare a ƙofofi 4317 da 4318.

Na ga amfaninsa da idona. Wata baiwar Allah ta zo wani reshe a Yamai, rasit a hannu, ta tura jaka ashirin ga mahaifiyarta domin sayen magani, an cire kuɗin amma lambar karɓa ba ta isa ba. Yaron gishe ya ba ta amsar da kowa ya sani: "Hajiya, rezo ne, ki yi haƙuri." Ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi, ba ta ce komai ba. Aka kira mu. Da lambar rasit ɗin muka buɗe sawun, cikin ƴan mintuna muka ga kuɗin sun shiga asusu lafiya lau, ɓangaren tura saƙo ne ya tsaya yana jiran amsa har daƙiƙa talatin, ya haƙura, bai sake gwadawa ba. Rezo ba shi da laifi ko kaɗan. Aka sake tura saƙon, kafin la'asar tsohuwa ta karɓi kuɗinta. A wurin da ba a tara sawu, wannan mata sai ta yi kwana uku tana zarya, kowa yana jefa wa wani.

Ni a ganina kalmar "rezo ne" ta zama bargon da ake lulluɓe kurakurai masu yawa da shi a ƙasar nan, kuma sawu ne kaɗai ke iya yaye shi.

Nauyin da ke kan mai girka shi

Kunna mai karɓa ba wuya, layi guda na umarni ya isa. Riƙe shi ne aiki.

Na farko shi ne yawa. A yi lissafi mai sauƙi: in kowane layin sawu ya kai bait 100, wato kamar harafi ɗari, kuma na'ura tana fitar da 10,000 a daƙiƙa, mega guda ke nan kowace daƙiƙa, sama da jiga 86 a yini. Na'ura ɗaya ke nan. Wanda ya san farashin intanet a Nijar ya san ba kamfanin da zai jure wannan daga rassa goma. Shi ya sa ake ɗiban samfuri, kamar yadda mai sayen gero ke zura hannu cikin buhu ya ɗebi tafi guda ya san sauran. Ita kanta Google, a bayanin Dapper, ta ce a manyan ayyukanta buƙata ɗaya cikin 1,024 take bi. Wata dabarar kuma ita ce a bar sawun yana zagayawa cikin ƙwaƙwalwar na'ura, sabo yana goge tsoho, ba a aika komai sai matsala ta auku, a lokacin ne a ɗauki hoton abin da ya gabace ta a tura.

Na biyu, me zai faru in hanya ta toshe? Sawun yana taruwa ne a ƴar randa cikin ƙwaƙwalwa kafin a kwashe. In mai kwasa ya makara randa ta cika, zaɓi biyu ne: ko a zubar da sabon da ke zuwa, ko a zubar da tsohon a ba sabo wuri. LTTng a asalin saitinsa sabon yake zubarwa, kuma yana ƙirga yawan abin da ya ɓata domin mai bincike ya san akwai giɓi. Abin da aka fi gudu shi ne aikin jama'a ya tsaya yana jiran sawu.

Toshewar hanya kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ƙasar, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, mu da ba mu da teku ma muka ji a jikinmu. Wanda mai karɓarsa yake Turai, a irin wannan rana ya makance daidai lokacin da ya fi bukatar ido. Wanda nasa yake Yamai, da batir da injin wuta, yana ci gaba da ganin rassansa muddin layin cikin gida na aiki.

Na uku shi ne faifai, kuma wannan na koye shi da zafi. Wata ranar Alhamis da yamma na kunna bin sawu mai zurfi domin farautar wata matsala, na ce zan kashe kafin in tashi. Aka kira ni gida kan rashin lafiyar yaro, na fita da sauri. Ban sa iyaka ga girman fayilolin ba, ga shi kuma mai karɓar yana rubutu a faifai guda da wani aiki mai muhimmanci. Da asuba wayata ta yi ta ƙara. Na isa ɗakin na'urori kafin gari ya waye, mai gadi yana riƙe mini tocila, fankokin suna ta kuka, allo yana nuna faifai ya cika dam. Mutanen da suka yi sammako suka tsaya a layi saboda sakacina. Tun daga ranar ba na kunna mai karɓa sai na ba shi faifansa shi kaɗai, na ƙayyade girman kowane fayil da adadinsu, yadda in an kai iyaka sabo zai hau kan mafi tsufa.

Sai agogo. In agogon Tawa ya riga na Yamai da daƙiƙa biyu, sawun zai nuna amsa ta iso kafin a yi tambaya. Dole dukan na'urori su riƙa daidaita lokacinsu daga tushe guda.

Inda tsoron jama'a yake da tushe

Ban yarda da abokan aikina masu cewa mutane jahilci ne ke damunsu ba. Kawuna bai san lambar ƙofa ba, amma hankalinsa ya kama wani abu na gaskiya: mai bin sawu da ya ƙware yana gane fiye da inda dabba ta bi. Yana gane gurguwa ce, yana gane tana ɗauke da kaya. Haka sawun manhaja yake. In ba a tace shi ba, lambar waya da sunan mai karɓa da adadin kuɗi, har da kalmar sirri, suna iya faɗawa ciki ba da niyyar kowa ba.

Ya faru ga manya. A watan Mayu na 2018 Twitter ta sanar cewa kalmomin sirrin masu amfani da ita sun shiga wata rajista ta cikin gida a fili, ta nemi mutane sama da miliyan 300 su canza. A Maris 2019 Facebook ta amsa irin wannan ga ɗaruruwan miliyoyin asusu. Kafin su, a 2011, wani mai bincike, Trevor Eckhart, ya nuna cewa manhajar Carrier IQ, da aka dasa cikin miliyoyin wayoyi da sunan gano matsalolin sadarwa, tana ganin abubuwa fiye da yadda masu wayoyin suka sani, kuma ba sa iya kashe ta cikin sauƙi. Maganar ta kai har majalisar dattawan Amurka. A Disamba 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a Log4j, kayan rubuta rajista da ke cikin manhajoji marasa adadi, wadda ke ba ɗan kutse damar shiga na'ura ta hanyar saƙon da aka rubuta a rajistar kanta.

Shi ma mai karɓar ƙofa ce a buɗe. Wasu daga cikin waɗannan kayan an gina su ne da zaton za su zauna cikin gida tsakanin amintattu, ba sa tambayar mai turowa ko shi wane ne, ba sa kuma ɓoye abin da ke tafiya a hanya sai an yi musu tanadi. Wanda ya ajiye irin wannan a intanet tsirara, ya kafa rumbu ne a bakin kasuwa ba murfi. Ƙa'idar da nake bi ita ce: sawu ya bi ta ɓoyayyar hanya, VPN ko SSH, katangar wuta, wato manhajar da ke tace masu shigowa ta rezo, ta hana kowa isa ƙofar sai na'urorin da aka sani, mai karɓar kuma kada ya yi aiki da ikon shugaban na'ura. A goge lambobin waya da sunaye tun a tushe, kafin su bar reshe. A kuma sa ranar da sawu zai mutu. Wanda ya wuce makonni kaɗan ba ya taimakon gyara, sai dai ya jira ɓarawo.

Akwai wani abin da ke ƙara rura zargin: mutane suna haɗa wannan da sauraron waya na hukuma. Abubuwa biyu ne daban. A 2020 majalisar dokokin Nijar ta amince da dokar da ta ba hukuma damar kama wasu saƙonnin sadarwa saboda tsaro, an kuma yi muhawara mai zafi a kanta. Waccan magana ce ta abin da mutane ke faɗa wa juna. Sawu magana ce ta yadda na'ura ke aiki. Sai dai in an yi sakaci da na biyun, yana iya zubar da abin da ko na farkon sai da izini ake taɓawa.

Doka, da tambayar wa ke riƙe da rumbun

Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa kula da ita. ARCEP ce ke sa ido kan kamfanonin sadarwa. A fahimtata, lambar waya ba ta daina zama bayanin mutum don kawai ta faɗa cikin fayil ɗin teknisiyan, saboda haka uzurin "ai bayanan gyara ne" ba ya wanke kowa.

Tsakanin ma'aikata kuwa ra'ayi ya rabu. Wasu suna cewa a yi hayar kamfanonin waje masu karɓar sawu: ba ruwanka da faifai, ba ruwanka da kuran, tsaronsu ya fi namu, kuma gaskiya ne sau da yawa ya fi. Wasu suna cewa kuɗin hayar da dala ko yuro ake biya, yana ƙaruwa da yawan bayanai, ga shi bayanan ƴan ƙasa suna kwana inda dokarmu ba ta kai. Ina tare da na biyun a duk abin da ya shafi kuɗi da lafiya da takardun shaida. Kayan aikin kyauta ne, kwamfuta matsakaiciya ta isa ƙaramin kamfani, kuma ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa za su iya koyon wannan da tsofaffin kwamfutoci biyu da igiya guda. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shugabannin da za su yarda su biya albashin mutumin da aikinsa ba ya fitowa a allo.

Me mai waya zai iya yi?

Yawancin abin da na bayyana yana faruwa ne a kwamfutocin kamfanoni, ba cikin aljihunka ba, kuma ba shi ke cin forfenka ba. Abin da ya fi cinye mega shi ne bidiyo da ke buɗe kansa, da sabunta manhajoji, da hotunan da ke sauka daga rukunonin WhatsApp. Duk da haka wayoyi suna aika nasu rahoton lafiya. A Android, cikin saitin Google, akwai wurin da aka rubuta Utilisation et diagnostics, ana iya kashe shi. Ana kuma iya duba megar da kowace manhaja ta ci a bayan fage a hana wadda ba a yarda da ita ba. Manhajar tocila da ke neman izinin karanta lambobin wayarka da saƙonninka ta fi cancantar zargi fiye da duk wani mai karɓa da ke ɗakin na'urori.

In kuma kuɗinka suka maƙale, kada ka yar da rasit. Lambar da ke jikinsa ita ce bakin zaren. Haka na gaya wa kawu da muka sake magana: ya ba mai gishe lambar da lokacin da ya tura, ya ce a miƙa wa masu na'ura su duba a wane mataki aikin ya tsaya. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in maimaita a hankali, zai sa jikansa ya rubuta masa a bayan kalanda.